Shin a dakatar da sababbin unguwanni har sai an gyara tsofaffin tituna?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. A ganina bai dace majalisar ƙaramar hukuma ta ba da izinin yanka sababbin filaye a bayan gari ba, alhali titunan cikin gari sun cika da ramuka. Ko da mai gina rukunin gidaje ne ya shimfiɗa titi da kuɗinsa, ranar da ya miƙa shi ya zama kaya a wuyan hukuma, domin ita za ta yashe magudanarsa, ta yi masa faci, bayan kimanin shekara 20 kuma ta sake masa kwalta. Wanda ya kasa riƙe goma, me zai kai shi karɓar ashirin?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, mutane ba za su daina aure da haihuwa da ƙaura zuwa birni ba don majalisa ta rufe littafin izini. Idan aka hana gini bisa ƙa'ida, ko dai haya ta yi tsada, ko kuma awon igiya ya yawaita, a sami lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Daga baya hukumar ce za ta biya diyya ta rushe gidaje kafin ta fitar da hanya. A 1811 birnin New York ya shata manyan hanyoyi 12 da tituna 155 a kan taswira tun yawancin wurin yana gonaki da duwatsu, an kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin a gina su. Ware filin titi ba ya cin kuɗin da shimfiɗa shi ke ci.

Injiniya Lawal: Ku gafarce ni, akwai abin da ku biyun kuka tsallake, wato me ke kashe titin tun farko. Na ɗaya ruwa ne: da zarar kwalta ta tsage ruwa ya ratsa ƙarƙashinta, ƙasar da ke riƙe da ita ta yi laushi, shi ke nan rami ya buɗe. Na biyu nauyi ne. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksil, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota na hagu da dama, ya ninka sau biyu, ɓarnar tana ƙaruwa kusan sau 16. Ke nan tifofin yashi da motocin siminti da ke zuwa sabuwar unguwa su ne ke farfasa tsohon titin da suke bi, ba ƙananan motocin mazauna ba. Saboda haka ni ban goyi bayan dakatarwa ba, amma mai gini ya biya kuɗin gyaran. A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya bai wa hukuma damar ɗaura wa mai gini irin wannan nauyi kafin ya sami izini.

Malam Habibu: Injiniya, mai gini ba zai cire kuɗin daga ribarsa ba, a kan mai saye zai ɗora. Kuma ina tabbacin kuɗin zai tafi gyara? Sabon titi ana taron buɗe shi, toshe tsaga kuwa babu mai tafa wa kansila a kansa, shi ya sa kason gyara ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse.

Malama Zainab: Ni da a bar faɗaɗa gefe, a ƙara gidaje inda titi yake. A 2016 birnin Auckland na New Zealand ya halatta gini mai ɗaukar iyalai da yawa a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama. Titi ɗaya da iyali 200 ke biya wa haraji ya fi sauƙin riƙewa a kan wanda iyali 40 ke biya wa.

Hajiya Rabi: Wannan na karɓa, Malama, muddin bututun ruwa da magudanar tsohuwar unguwar za su ɗauka. Malam Habibu, idan aka kafa asusun gyara na daban, wanda doka ta hana taɓawa, ake kuma bayyana lissafinsa duk shekara, za ka janye batun dakatarwa?

Malam Habibu: Zan janye, Hajiya, da sharaɗin a fara auna tsawon titunan da ake da su da halin da kowanne ke ciki, a kawo jerin gaban majalisa kafin a sa hannu a kan fuloti ko ɗaya.