Ƙararrawar tsaro marar waya a gidajen Sakkwato: abin da waɗanda suka saka da kansu suka gani

Ma'aikaci, Dambuwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka riga suka saka ƙararrawar tsaro irin marar waya, wadda mutum yake haɗawa da hannunsa ba tare da an fasa bango ba. Gidana sabon gini ne, kuma ɓangaren da muke har yanzu akwai filaye da kangwaye tsakanin gida da gida, ga shi aiki yana yawan kai ni Gusau da Birnin Kabi in bar iyali su kaɗai. Masu sayarwa suna nuna mini kwalaye masu kama da juna, kowane da babban akwati da na'urorin ƙofa da na gano motsi da rimot da jiniya, amma kuɗinsu ya sha bamban, kuma babu wanda ya iya gaya mini dalilin bambancin. Abin da nake so in ji shi ne yadda abin ya kasance bayan an saka shi, a irin zafinmu da irin wutarmu.

Malamin makaranta, Arkilla

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambaya ta farko da za ka yi wa mai kaya ita ce ta wace hanya akwatin yake sanar da kai idan wani abu ya faru. Akwai masu dogara da intanet ɗin gida kaɗai, akwai masu ɗaukar layin waya, akwai kuma masu haɗa biyun. Nawa mai haɗa biyun ne, kuma abin da na gani shi ne layin wayar ne yake yin kusan dukkan aikin. Akwatin yana da ɗan batir a cikinsa wanda ke riƙe shi na wasu sa'o'i idan an ɗauke wuta, amma na'urar intanet ɗin gida ba ta da shi, saboda haka wuta na tafiya manhajar da ke wayata sai ta nuna gidan ya yanke, alhali akwatin yana nan a raye, yana iya kirana yana iya turo saƙon tes. Wanda ya sayi mai intanet kaɗai, jiniyarsa za ta yi kuka a gida amma shi ba zai sani ba yana Gusau.

Batirin cikin akwatin kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali sai ka gwada, ka zare shi daga wuta da rana ka ga lokacin da zai mutu. Ni na haɗa nawa da layin inbata, kuma abin ba ya cin wutar da ta kai ta ƙwan fitila ɗaya, don haka ko ƙaramin sola ya ishe shi.

Layin da za ka saka masa sai an yi masa rajista da lambar NIN kamar kowane layi, sai kuma ka riƙa saka masa kati, domin kira da saƙon da yake turowa kuɗi suke ci, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya rufe shi. Na mayar da farkon kowane wata lokacin gwaji: in kunna, in buɗe ƙofa, in jira kira ya shigo. Ka zaɓi kamfanin da ya fi ƙarfi a cikin ɗakin da akwatin zai zauna, domin a sababbin unguwanni ƙarfin layi a bakin get daban yake da na cikin ɗaki.

Hajiya, Gawon Nama

Malam mai tambaya, tunda iyalinka ne za su zauna da abin, ka saka uwargida cikin shawarar tun kafin saye. A gidanmu maigida ne ya saka, amma ni ce nake kunnawa da kashewa kullum. Na'urar tana da yanayi biyu, na fita wanda komai yake aiki, da na zaman gida wanda ƙofofi da tagogi ne kawai suke kan tsaro, mutanen ciki kuma suna iya yawonsu. Gidan Bahaushe da wuya a same shi babu kowa, ga yara, ga mai aiki, ga baƙi daga ƙauye, saboda haka na zaman gida ne muke amfani da shi kusan kowane dare, na'urorin gano motsi kuwa sai idan mun yi tafiya gaba ɗaya, kamar lokacin salla. Da ni ce mai saye, da na rage su na ƙara na ƙofa da taga.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne asuba. Yara maza suna tashi su zare sakata su nufi masallaci ba su tuna an kunna ba, jiniya ta tashi unguwa. Da farko maƙwabta suna fitowa da sanduna da tocila, daga baya sai mutum ɗaya ya leƙo, har aka zo dare da babu wanda ya fito. Wannan ya tsorata ni fiye da rashin ƙararrawar ma. Maganin da muka samu shi ne an saita ƙofar fita ta ba da jinkiri na daƙiƙa 30 tana ɗan ƙara a hankali kafin jiniya, an kuma rataye rimot ɗaya kusa da inda suke ɗaukar buta. Ka tabbatar wanda za ka saya yana ba da damar saita jinkiri ga ƙofa ɗaya ba tare da sauran ba, kuma yana karɓar ƙarin rimot. Rimot ɗin yana da maɓallin neman agaji, wanda ke tayar da jiniya nan take ko ba a kunna tsaro ba, kuma nawa a gefen gado yake kwana idan maigida ba ya gari.

Mai gyaran wuta, Runjin Sambo

Malam, ni na saka a gidana, an kuma sha kirana in duba na waɗanda suka saka da kansu abin ya ƙi, don haka zan faɗi inda matsalar take yawan fitowa.

Na'urar gano motsi ba ganin mutum take yi ba, bambancin ɗumi take ji tsakanin jikinsa da abin da ke bayansa. Jikin mutum yana wajen digiri 37, Sakkwato kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yana haura 40, bango ya sha rana ya riƙe ta har cikin dare. A irin wannan lokaci bambancin yana raguwa, sai na'urar da take kama mutum daga ƙarshen falo a hunturu ta koma sai ya matso kusa. Na gwada wannan a falona da bazara na gani da idona. Masu kyau suna da tsarin daidaita kansu da zafin ɗaki, wasu kuma suna haɗa hanyar ganowa biyu, kuma nan ne ɗaya daga cikin wuraren da kuɗin yake tafiya. A kafa ta a kusurwa, sama da mita 2 kaɗan, kada ta fuskanci taga ko labulen da fanka ke kaɗawa, a kuma sa ta inda mutum zai gifta ta gabanta, domin ta fi jin mai giftawa a kan mai tunkarar ta kai tsaye. Tsaka ma idan ta hau fuskarta tana iya tayar da ita.

Na'urar ƙofa kashi biyu ce, ɗaya maganaɗisu ne a jikin ƙyaure, ɗaya a jikin firam, kuma tazararsu bai kamata ta wuce kamar santimita 1 ba idan ƙofa tana rufe. Gidajenmu na yanzu ƙofofin ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana raunana maganaɗisun yana kuma tare saƙon da na'urar ke aika wa akwati. Ina sa ɗan katako ko roba a ƙarƙashinta don ta ɗaga daga ƙarfen, get ɗin waje kuma akwai nasa na musamman mai ƙarfi. Salatif mai gam fuska biyu da yake zuwa a kwali ba ya jure zafinmu, yana saki, na'ura ta faɗo tsakar dare, akwati ya ɗauka an buɗe ƙofa. A ɗaure da sukuru duk inda zai yiwu.

Nisan da ake rubutawa a kwali na fili ne wanda babu komai a tsakani. Bangon bulo biyu ko uku, balle rufin kankare mai rodi, suna cinye yawancinsa. Kafin ka ɗaure komai, ka ajiye akwatin a tsakiyar gida, ka ɗauki kowace na'ura zuwa mazauninta ka gwada. Akwatin kuma kada ya zauna a bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara ganinsa ya fizge.

Bambancin kuɗin da ka tambaya, mafi yawansa a maganar da ke tsakanin na'ura da akwati yake. Masu araha galibi suna aiki a kan zangon rediyo na 433 MHz da lamba ɗaya da ba ta canjawa, kuma magana ce ta hanya ɗaya: na'urar tana aika saƙo idan an taɓa ta, amma idan batirinta ya mutu ko an cire ta, akwatin ba lallai ya sani ba. Masu tsada suna ɓoye saƙonsu, akwatin yana tambayar kowace na'ura lafiyarta a kai a kai, yana sanar da kai idan ɗaya ta yi shiru ko an buɗe murfinta ko ana toshe sigina. A ganina wannan sanarwar ta batir ita ce abin da ya fi cancantar a biya wa kuɗi, domin yawancin gidajen da na duba ba dabarar ɓarawo ce ta kashe ƙararrawarsu ba, batir ne ya mutu watanni babu wanda ya sani. Ka duba irin batirin kafin ka biya. Masu ɗaukar AAA ko'ina akwai, CR123A da 23A kuwa sai ka nema, kuma na jabu sun yi yawa.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Atiku

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na 'yan'uwa. Na saka a sito na, ban saka a gida ba, domin a cikin gari gida yana jingine da gida, zaure ba ya rabuwa da mutane, kuma baƙon fuska ba ya wuce lungu biyu ba a tambaye shi wurin wa ya zo ba. A siton ya yi mini amfani sau ɗaya tak, kuma amfanin ya biya kuɗinsa: ya kira ni cikin dare, na kira maigadin layin, ya tarar an fara lanƙwasa kwanon rufi an gudu. Ta sama suka so shiga, inda babu na'urar ƙofa, na gano motsi ce ta kama lokacin da silin ya ɓalle, don haka ban yarda a rage su ba kamar yadda Hajiya ta ce, aƙalla a bar ɗaya a falo da ɗaya a baranda ta ciki. Amma da ba ni da lambar maigadin, kiran da na'urar ta yi mini tashin hankali kawai zai zama. Malam yana Gusau, gidansa yana tsakiyar kangwaye, wa zai je? Wannan ya kamata ya warware kafin ya zaɓi kwali.

Ma'aikaciyar jinya, Mabera

Maganar Alhaji ɗan kasuwa gaskiya ce. Akwatinmu yana karɓar lambobi da dama, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya har a samu wanda ya ɗauka. Mun sa ta maigida, sai tawa saboda aikin dare, sai ta maƙwabcinmu na jikin katanga, sai ta shugaban 'yan sintirin unguwa waɗanda muke biya kuɗin wata. Mun je mun same su mun roƙi izini, mun kunna musu jiniyar suka san muryarta, suka kuma adana lambar layin da sunan gidanmu don kada su ga baƙuwar lamba su share. Lambar gaggawa ta 112 mutum ne zai kira ya yi bayani, ba a saka wa na'ura ita. Mun ƙara jiniya ta waje mai sola da fitila mai walƙiya a can saman bango, domin ta cikin akwatin ba ta fita daga gida idan tagogi suna rufe.

Yayana da ke Amurka ya so aiko mana irin nasu, kamar SimpliSafe ko Ring, sai muka bincika muka ga ƙarfinsu yana ga ofishin sa-ido da ake biya duk wata, wanda ke kiran 'yan sanda a madadin mai gida, kuma wannan hidimar ba ta zo Najeriya ba. Ga shi wutarsu 120 ce tamu 230, sai an duba abin da cajar take ɗauka, kuma idan na'ura ɗaya ta lalace sai an jira mai zuwa. Muka roƙe shi ya turo kuɗin muka saya a nan, inda za mu iya komawa mu ƙaro na'urar taga ko rimot.

Ma'aikaci, Dambuwa

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ni na fi son a ji mutum tun yana katanga, kafin ya iso ƙofa. Akwai wanda ya gwada na'urorin da ake kafawa a kan katanga?

Injiniya mai ritaya, Bado

Na gwada, Malam. Biyu-biyu suke zuwa, ɗaya tana harba haske marar ganuwa ɗaya tana karɓa, duk abin da ya yanke shi sai ƙararrawa ta tashi. Da damina iska mai ƙarfi tana kaɗa rassan dogon yaro su gifta, da hunturu ƙura tana rufe fuskarsu har sai an riƙa gogewa da ƙyalle, kyanwa kuma katanga hanyarta ce. Masu layin haske biyu ko huɗu, waɗanda sai an yanke su tare suke amsawa, sun fi masu layi ɗaya natsuwa nesa ba kusa ba, amma saita su su kalli juna daidai a doguwar katanga aiki ne na mutum biyu da tsani, kuma dole a sare duk reshen da ya shiga tsakani. Ni daga baya na sauko da su cikin tsakar gida, tsakanin katanga da tagogin baya, a tsayin ƙugun mutum, na kuma saita su su riƙa turo mini saƙo da kunna fitilar waje kawai, jiniya kuwa sai an taɓa ƙofa ko taga. Idan za ka bi wannan hanya, ka tambayi mai kaya ko akwatin yana ba da damar ware wa kowace na'ura irin amsarta, domin da yawa daga cikin masu araha komai jiniya suke tayarwa, kuma ka nemi ya nuna maka a shagon kafin ka biya.