Shugabanci Nagari a Ƙungiya: Taƙaitattun Shawarwari

A wata tattaunawa da masu riƙe da ƙungiyoyin ci gaban gari da na 'yan kasuwa suka yi, akasarin shawarwarin sun karkata ne ga amanar dukiya. An yi ittifaƙi cewa kada shugaba ya riƙe kuɗin ƙungiya a hannunsa, sai dai a buɗe asusu a banki da sunanta, ma'aji da sakatare su sa hannu tare da shi kafin a fitar da ko kwabo, sannan a karanta wa mambobi abin da ya shigo da abin da aka kashe a kowane babban taro. Wani dattijo ya tunatar da cewa a Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) ta riƙa miƙa rahotonta duk shekara.

An kuma ja kunne game da shawarar jeka-na-yi-ka, inda shugaba ke tara jama'a bayan ya riga ya yanke hukunci, domin mambobi suna ganewa, kuma daga nan suke daina zuwa taro.

Inda aka saɓa shi ne wa'adin mulki. Wasu suna ganin a bar mai ƙoƙari ya zarce, amma hujjar matasan da suka halarci tattaunawar ta fi ƙarfi a ganina: a rubuta wa'adin a kundin ƙungiya, kuma a riƙa damƙa wa mataimaki wasu ayyukan tun kafin zaɓe ya zo.