Ɗalibaina na Faransanci sun ce wasa nake sa su

Malamin Dare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanci Faransanci, har na yi zaman koyon harshe a Badagry. Yanzu ina koyar da 'yan kasuwa 11 bayan Isha'i a zauren wani Alhaji da ya ba mu aro. Ɗansa ma yana ciki, bai taɓa biyan ko sisi ba, amma bar wannan. Yawancinsu Kwatano suke zuwa saro atamfa. Shi ya sa na ajiye littafi, na mai da zauren kasuwar Dantokpa ta Kwatano: wannan ya taya, wancan ya ce albarka, ni kuma ɗan kwastan a bodar Seme. Yanzu huɗu sun ce karatu suka biya, ba wasan kwaikwayo ba. Biyu sun daina zuwa. Ya zan yi?

Baban Ummi: Malam, koma kan allo. Wanda bai haddace être da avoir ba, wato manyan kalmomin aikatau biyu na Faransanci, ko kwana ya yi yana ciniki, aku ne kawai. Shekara 20 ina riƙe alli.

Maman Sadik: Haddar nan ce ta cuce mu! Shekara 3 ina rera ta a ƙaramar sakandare, ranar da na sauka Kwatano ko banɗaki na kasa tambaya. Malaminmu kuwa bulala kawai ya iya.

Ɗan Damagaram: Ƙirga ya kamata ka fi ba ƙarfi, nan ake cutar baƙo. 90 a wajensu quatre-vingt-dix ne, wato ashirin huɗu da goma. Kafin mutum ya gama lissafi an ba shi canji ba daidai ba. In Maraɗi ce ma da Hausa za su yi ciniki, su dai san jaka sefa 1,000 ce, dala kuma 5.

Baban Ummi: To ƙirgar ba hadda ba ce? Magidanci mai gemu ba zai yarda ya tashi yana kwaikwayon mai atamfa gaban yaron shagonsa ba. Girma ka taɓa musu.

Malamin Dare: Baba, da girmanka, ban tilasta wa kowa ba. Kuma ɗaya ya dawo daga tafiya ya ce shi ya yi cinikinsa ba tafinta.

Baban Ummi: Ɗaya cikin 11.

Maman Sadik: Ɗan Alhajin fa, yana cikin masu ƙorafin?

Malamin Dare: Shi ya fara.