Abin da aka tattauna kan duba gida ko fili kafin saye

1. Kusan kowa ya ce a je a watan Agusta, bayan an tafka ruwa. Da rani kowane fili lafiyayye ne.
2. A duba gindin bango: danshi, farin gishiri, fenti mai ɓarewa. Sabon fenti a tsohon gida abin tuhuma ne.
3. A leƙa silin saboda yoyo da gara.
4. Maƙwabta za a tambaya zurfin rijiya da inda kwata ke bi, ba dillali ba.

Inda aka rabu: filin da aka cike kududdufi. Wasu sun ce harsashi mai zurfi ya wadatar, mafi yawa suka ce ko kyauta ne a haƙura. Tsagar bango kuwa, wasu magini ya ishe su, wasu sai injiniya.