Bashi na neman cinye mini shago, ku ba ni shawara

Mai shago:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Asali acaɓa nake yi a Kano. Da aka hana a 2013 na sayar da babur ɗin, na koma jan Adaidaita Sahu na wani ina kai masa balas, ina zuba adashi shekara huɗu, har mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu ta cika mini na kama shago a bakin layinmu. Sukari, taliya, omo, madara, man gyaɗa, irin su dai. Lafiya lau muke lallaɓawa har aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Tun daga nan duk sarin da na je kasuwar Singa sai na tarar kwali ya ƙara kuɗi, ga dako ya ninka. Shekaranjiya na haɗa littafi, bashin da nake bin mutane ya kai dubu 340, kayan da ke kan kanta kuwa ba su kai haka ba. Saura wata biyu kuɗin haya. Ya zan yi?

Alhaji na Singa:
Wa alaikumussalam ƙanena. Shekarata 22 a kasuwa, ka saurare ni da kyau. Kwalin taliyar da ka bayar bashi watan jiya, ran da aka biya ka, kuɗin ba za su sayo maka kwali ba. Kai kana ganin an biya ka, alhali uwar kuɗi ce take zagwanyewa. Gobe da safe ka sami kwali ka rubuta BA BASHI ka manna a ƙofa. Wanda zai yi fushi ya yi.

Mai kunun aya:
Allah Ya kawo mafita. Kai gara kai ma, kayanka ba sa lalacewa. Ni ranar Talata gora 60 na zubar, wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, ƙanƙara kuma ta yi tsada. Maigidan ko sannu bai ce ba, sai cewa ya yi dama ya ce in daina.

Ɗan POS:
Alhaji, shagon unguwa fa ba Singa ba ne. Ran da ya manna takardar nan rabin masu sayayya za su koma shagon gaba. Mai shago, ka sa iyaka dai, kowane gida kada ya wuce dubu 5, sai an biya a sake ɗauka. Su wa ke riƙe da manyan kuɗin ma? Ba ka faɗa ba.

Mai shago:
Dubu 150 na wan matata ne, kayan bikin 'yarsa ya ɗauka bara. Ba zan iya tsare shi ba, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Sauran kuma maƙwabta ne, sahu ɗaya muke sallah. Akwai wata mai marayu huɗu, in ta aiko yaro da kwano ta ina zan fara cewa babu?

Alhaji na Singa:
To ka gani! Mai marayu ka ba ta sadaka, ka cire ta daga littafi, Allah Zai mayar maka. Amma surukinka mai iya yin biki yana iya biyan bashi. Ni ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya na taɓa hana kaya, shekara biyu ba ya gaishe ni, yau ga shagona nan a buɗe.

Malamar islamiyya:
Wasu na cewa a karɓi bashin a farashin ranar biya. Kada ka fara sai ka tambayi malamai, ƙari a kan bashi abin tsoro ne. Ka tura matarka ta yi wa yayanta magana cikin lumana, ko dubu 20 ce duk wata.

Mai shago:
Malama, ba ta ma san da bashin ba, kuma ba na son ta sani. Alhaji, na gode, amma da bashin nan na tara jama'a, ba sakaci ba ne. Ni dai da zan sami mai ƙara mini jari ko dubu 200 ne, komai zai daidaita.

Alhaji na Singa:
Ka zuba ruwa a kwando ke nan.

Ɗan POS:
Har yanzu ba ka ce komai kan maganar iyakar ba.

Mai shago:
Zan duba in sha Allahu. Bari in sallami wani yaro, ga shi nan tsaye da littafin gidansu.