Wurin da ake shiga cikin katun da ƙafa: wane suna za mu raɗa masa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Wata kalma ce ta maƙale mini, na zo neman taimako.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a shagon caji ina jiran wayata, sai na ga yara sun yi cincirindo a kan wayar wani saurayi. Na leƙa. Mutane ne a cikin kwale-kwale, ruwa na tafiya da su cikin wani gini kamar kogon ƙanƙara, ga 'yan katun ɗin fim ɗin Frozen tsaye a gefe, girmansu kamar na mutum, suna waƙa suna ɗaga hannu. Wata ɗalibata 'yar aji huɗu ta waiwayo ta ce, "Malam, wannan fim ne ko gari ne?" Na ce mata wurin wasa ne. Ta yi shiru, amma daga idonta na san ba ta gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba.

Da Turanci ana ce wa irin wannan wuri theme park, abin da ake hawa a ciki kuma ride. Wanda ya fi suna shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka a watan Yulin 1955. Daga baya aka gina irinsa a Fulorida a 1971, a Tokiyo a 1983, a kusa da Faris a 1992, a Hong Kong a 2005, sai Shanghai a 2016. Dabarar ita ce: katun ɗin da yara suka kalla suka haddace, sai a gina masa gidajensa da titunansa da mutanensa, ka sayi tikiti ka shiga.

Kalmar da ta fara zuwa mini ita ce lilo, don shi muka sani a bikin Sallah. Amma na ajiye ta, kuma ga dalili. Wancan kwale-kwalen da yaran suke kallo, akwai irinsa a wurin da ake kira Epcot a Fulorida. Tun 1988 jiragen suke yawo a wannan hanyar ruwan, suna nuna wa mutane labarin ƙasar Norway da dodanninta. A 2014 aka rufe, a 2016 aka sake buɗewa da labarin Frozen. Hanyar ruwan ita ce dai ta da, jiragen ma su ne, labarin ne aka canja, sai abin ya koma wani abu daban. Ashe ba abin hawan ake saye ba, labarin ake saye. Lilo kuwa ba ya ba da labari, kai ka da dawo da kai kawai yake yi.

Wurin shaƙatawa kuma ta yi faɗi. Gidan zu na Kano wurin shaƙatawa ne, gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ma haka. To, me kuka gani?

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Allah ya saka da alheri, ban zaci abin zai ja hankali haka ba.

Wani malamin adabi ya kawo "dandalin jigo", tunda jigo muke cewa a aji idan ana nufin abin da labari ya ginu a kai. Malam, ta fuskar nazari ka yi daidai. Sai dai na gwada kalmar a kan Kawuna da ke noman rani a fadama, ya ce, "Wato filin da ake kafa jigo a ɗebo ruwa?" Ka ga matsalar. A nan wajenmu jigo sandar ban ruwa ce kafin ta zama kalmar littafi. Kalmar da sai ɗan jami'a zai gane, ba za ta amsa tambayar 'yar aji huɗu ba.

Wasu sun ce a bar kalmar Turancin, a rubuta ta da harafinmu. Ba na gaba da aro. Katun ma aro ce, kuma ba zan taɓa ta ba, don yara sun riga sun rungume ta. Wanda ya ce musu "zane mai motsi" shi kaɗai zai riƙa faɗa. Majigi ma aro ce, ta zauna daram tun zamanin kakanninmu. Amma wannan ba ta shigo bakin kowa ba tukuna. Fili a buɗe yake, gara mu yi shuka kafin ciyawa ta riga mu.

Shawarar da ta kama ni ta fito ne daga wata baiwar Allah daga Gumel. Ta ce, "Malam, ka manta da dandali da tatsuniya?" Hajiya, kin yi gaskiya, na manta da abin da ke gabana. Dandali shi ne inda gari ke taruwa don wasa. Tatsuniya kuma, idan Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ai ba kallo muke yi ba, shiga muke yi. Muna jin tsoron Dodo a jikinmu, muna bin Gizo har cikin rami. Kuma abin da masu gina wuraren nan suke nema ke nan tun farko. A 1955, abin hawan da suka yi wa katun ɗin Snow White, ba su sa yarinyar a ciki ba, don nufinsu kai mai hawa kai ne ita, kai mayya take bi. Mutane ba su gane ba, suka yi ta tambayar ina yarinyar take, sai a 1983 aka saka ta. Wannan tunani na mayar da mai sauraro ɗan cikin labari, tsofaffinmu sun daɗe da iya shi ba tare da inji ba.

Don haka na tsaya a kan dandalin tatsuniya a matsayin sunan wurin.

Abin da ake hawa a ciki kuwa, ni na kawo tawa: hawan tatsuniya. A Kano akwai Hawan Daushe, akwai Hawan Nasarawa, kowanne da hanyarsa da adonsa da kiɗansa, ana farawa daga wuri kaza a ƙare a wuri kaza. Hawa a bakin Bahaushe ba zama a kan abu kawai ba ne, tafiya ce mai tsari da kallo. Wancan kwale-kwalen ma haka yake. Yayana ya kira ni a waya ya ce, "Kai, kada ka haɗa hawan sarki da wasan yara." Yaya, na ji ka, kuma ba raini nake nufi ba. Muna cewa hawan keke, muna cewa hawan angwanci, ba wanda ya ce an taɓa martabar fada.

Akwai gyara guda da na karɓa. Wani ya tuna mini cewa ba duk irin wuraren nan ne aka gina a kan katun ba, wasu a kan dabbobi ne, wasu a kan tarihi. Gaskiya ne. Waɗannan sai a ce dandalin tarihi, dandalin namun daji, kalmar dandali ta ɗauke su duka. Ga shi ma ta fi ta Turancin sauƙin juyawa.

Yau da safe na samu yarinyar kafin a shiga aji, na ce mata, "Abin da kika gani hawan tatsuniya ne, a cikin dandalin tatsuniya." Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Tambayar da ta yi ita ce, "Malam, akwai na Gizo da Ƙoƙi?"

Saura kalma guda ban samu ba. Waɗancan 'yan katun da ke tsaye a bakin ruwa suna motsa baki da hannu, inji ne a cikinsu. Mutum-mutumi ba ya motsi, 'yar tsana kuma ta yi ƙanƙanta. Wanda yake da suna, ya kawo.