Wai da gaske Jamie Vardy leburan kamfani ne kafin a san shi?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu bin balon Ingila. Ƙanena shekararshi 21, yana koyon gyaran moto wajen wani maigida nan Zango, da la'asar kuma ya wanke hannu ya tafi fili, gaba yake bugawa kuma wallahi ba don ƙanena ba ne yaron akwai gudu akwai ƙafa. Bara ya je gwaji wata ekip aka ce mishi jikinshi ya yi ƙanƙanta, ya dawo gida kwana uku ko tuwo bai ci na kirki ba. To yanzu ya taso ni gaba wai zai aje gyaran moto ya tafi Yamai neman ekip, in na buɗe baki sai ya ce Yaya ai Vardy ma sai da ya girma aka san shi. Tsohuwarmu ta ce ni ta bar ma maganar tunda babanmu ya rasu, ni ko ban son in kashe mishi zuciya kuma ban son ya tafi ya watse a banza. Don Allah wanda ya san labarin mutumin nan ya faɗa mini gaskiyarshi.

Mai Shayin Fada:
Wa alaikumus salam Ɗan Birni. Labarin gaskiya ne amma ƙanenka rabi ya ɗauka. An haifi Vardy a 1987 a garin Sheffield, yana yaro a Sheffield Wednesday suka sallame shi yana da shekara 16, kuma maganar ita ce dai wadda aka faɗa ma ƙanenka, wai ya yi ƙarami. Daga nan ya faɗa wata ƙaramar ekip Stocksbridge Park Steels inda ake ba shi fam 30 a sati, kuɗin da a Ingila ba ya riƙe mutum, shi ya sa da rana yana kamfanin da ake ƙera abin ɗaurin ƙafa na masu rauni, in ya tashi ya tafi balo. Har matsala ya shiga a 2007, kotu ta kama shi da laifin faɗa aka ɗaura mishi na'ura a ƙafa wata shida, dole ya kasance gida da yamma, wani lokaci sai a fidda shi ana tsakiyar wasa ya ruga gida kar lokaci ya wuce. A 2010 ya koma Halifax, 2011 Fleetwood inda ya ci 31 a lig shekara guda, sai Leicester ta saye shi a 2012 kan fam miliyan 1 yana da shekara 25. Abin da nake so ka riƙe shi ne duk shekarun nan na Stocksbridge mutumin nan bai aje aikinshi ba, balo ce ta zo ta fidda shi daga kamfani da kanta.

Na Garin Malam:
Ni fa ɗan Leicester ne tun 2015 kuma har gobe, lokacin a gidan kallonmu mu uku ne kawai muke bayansu. Ban mance daren 28 ga Nuwamba 2015 ba, wasa da Manchester United, abokin wasanshi Fuchs ya zura mishi balo ta tsakiya bai ma kalle shi ba, Vardy ya kwasa a guje ya sa ta a raga, wasa 11 kenan a jere yana ci, ya karya tarihin Van Nistelrooy mai 10. Benci har ya karye a wajenmu ranar. Shekarar ya ƙare da ci 24 suka ɗauki kofin lig na Ingila da kocinsu Ranieri da 'yan wasa irin su Mahrez da Kante, ekip ɗin da shekara guda baya da ƙyar ta tsira daga faɗuwa. Kuma abin da ya sa nake girmama shi, Arsenal ta neme shi a 2016 ya ƙi tafiya, Kante ya tafi Chelsea daga baya Mahrez ya tafi City shi yana nan, ya ɗau takalmin zinariya, kyautar wanda ya fi kowa ci a lig, a 2020 da ci 23 yana da shekara 33, ya ɗau kofin FA a 2021, da suka faɗi a 2023 ma bai gudu ba ya tsaya suka hawo tare. Sai 2025 ya bar su da wasa 500 ci 200 cif. A bar yaro ya gwada sa'arshi mana, rabo ba a san inda yake ba.

Tsohon Gola:
Na Garin Malam na ji ka, amma bari in yi magana kamar wanda ya taɓa wannan wuta. Ɗana Ɗan Birni, Ingila tsani gare su. Stocksbridge tana can mataki na 8 lokacin da ya fara, Halifax na 7, Fleetwood na 5, Leicester na 2 lokacin da ta saye shi, kowane mataki ana rubuta wanda ya ci, akwai masu zuwa kallo don neman 'yan wasa, in ka ci 30 a ƙauye wani a birni zai ji. Mu nan yaro zai ci 30 a gasar unguwa ranar final a ba su rago da riguna, shi kenan an watse. Ni na tafi Yamai ina da shekara 20 da takalmi ɗaya a leda, kilomita wajen 900 daga gida, wata bakwai ina kwana a ɗakin wani ɗan garinmu mu biyar, kullum a ce mu dawo gobe, ranar da gwiwata ta goce babu wanda ya biya mini ko jika ɗaya na asibiti, ƙanwar uwata ce ta saida akuyarta ta aiko kuɗin mota. Na dawo ba balo ba sana'a, ina da shekara 23 na fara koyon ɗinki tare da yara ƙanana. Ba wai ba a fita daga ƙasar nan ba, ga Musa Ma'azu ya je har CSKA Mosko, Mena, ekip ɗin ƙasarmu Nijar, ta je kofin Afirka 2012 da 2013, amma a lissafa nawa suka tafi nawa suka dawo hannu wofi. Kuma ku sani Vardy ɗin ma shekararshi ta farko a Leicester bai yi abin kirki ba har ya so ya bar balo, sai da kocinshi Nigel Pearson da mataimakanshi suka lallashe shi. Wa zai lallashi yaronmu a Yamai?

Ɗan Birni:
Baba na gode Allah ya saka da alheri, maganarka ta shige ni. To amma ya zan yi da shi, in na ce a'a kai tsaye na san halinshi, wata asuba za mu tashi mu ga ba ya nan.

Tsohon Gola:
Kar ka ce mishi a'a. Ka je wajen maigidanshi kai da kanka ka roƙe shi ya riƙa sakin shi da la'asar da ranar wasa, ya nemi ekip nan Damagaram wadda ke da lasisi tana buga gasar jiha, ya yi shekara guda cikakka ana rubuta sunanshi a takarda, kuma ku samu mai waya mai kyau ya riƙa ɗaukar wasanninshi. In ya yi fice waɗanda ke zuwa daga Yamai za su gani, in ya tashi tafiya ya tafi da sunan ekip ɗin da ta kira shi da wurin kwana. Ka kawo mini shi ranar Juma'a bayan la'asar, ina zama ƙofar shagona kusa da kasuwar Dole, ya zo da takalminshi in ga yadda yake karɓar balo da ƙafar hagu.